Doguwar ragar zomaye: littafin aikin ƙulli, Satumba zuwa Fabrairu

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Zare ya iso jiya, allura da katakon awon idon raga kuwa suna nan tun bara, don haka yau na buɗe littafin aiki. Niyyata in saƙa doguwar ragar zomaye da hannuna, in ɗora ta a kan igiyoyinta, in yi hunturun bana ina kafa ta a gonar da aka ba mu izini a nan Breckland, ƙasar yashi da ke tsakanin Norfolk da Suffolk a gabashin Ingila. Abin da zan fi sa wa ido shi ne ƙulli. Ragar nailan da muka yi aiki da ita bara ta kanti ce, kuma kafin Fabrairu ta zama abin tausayi: wannan ido da ƙyar yatsu biyu za su shiga, na kusa da shi kuwa dunƙulen hannu zai wuce. Ba zare ne ya tsinke ba. Ƙulle-ƙullen ne suka riƙa zamewa, ido ɗaya ya tsuke, maƙwabcinsa ya wage, zomo ya bi ta wagaggen ya yi gaba abinsa.

Ga wanda bai taɓa ganin sana'ar ba, ga yadda take. Zomon Turai rami yake haƙawa, su zauna jama'a guda, ba irin na dajinmu mai kwana a gindin ciyawa ba. Da dare sukan fito kiwo cikin gona, har su yi nisa da gida. Mai raga sai ya lallaɓo cikin duhu ya kafa ta tsakanin ramuka da wurin kiwo, abokinsa ya zagaya ta bayan gona ya koro su. Suna gudun komawa gida sai su faɗa ciki. A tsaye ragar ba ta wuce gwiwa da yawa ba, tsawonta kuwa yadi 50 ne ko 100.

Rarar raga ce ke kamu. In za ka kafa yadi 50, sai ka saƙa yadi 100, ka tattara shi a kan igiya biyu, ta sama da ta ƙasa. Wannan rarar ita ke zama jaka ta naɗe zomo. Raga miƙaƙƙiya tsam, buge ta zai yi ya dawo baya kamar ƙwallo ta bugi bango.

Na yi lissafi a bayan ambulan. Ido ɗaya in an miƙe shi inci 4 da kwata ne, yadi 100 kuwa inci 3,600. Layin saƙa zai kai wajen 1,700, kowane layi ido 15. Ƙulli kusan dubu 25 ke nan, kuma zomo guda ɗaya kawai yake nema wanda bai zauna ba.

Lahadi, 29 ga Satumba

Kafin in zuba wa aikin makonni, na saƙa ɗan gwaji da zare iri uku: nailan mai santsi, zaren hem irin na da (na tsiro ne, kamar na rama), da foliyesta mai gashi-gashi a jiki.

Ƙullin dai ɗaya ne, ƙullin masaƙa, shi ne kuma na ga masu gyaran taru suna yi a bakin ruwa a Yawuri ina yaro. Ka ɗora zare a kan katako, ka zura allura ta ƙasa cikin idon da ke sama, ka jawo har idon ya sauko ya taɓa bakin katako. Nan babban yatsa zai danne. Ka wurga zare hagu ya yi baka, allura ta bi ta bayan ƙafafun idon guda biyu, ta fito ta cikin bakan, ka ja ƙasa. Duk maganar tana kan babban yatsan nan. In ya ɗaga kafin ƙulli ya rufe, sai ƙullin ya sulale ya ɗauru a ƙarƙashin idon maimakon ya rungume ƙafafunsa. A ido ba ka cika bambance su ba. Amma ja shi ka gani, yawo zai riƙa yi a kan zare.

Na jiƙa su duka a bokiti, na rataye, na sa manyan yatsu biyu cikin ido ina buɗawa gefe da gefe da fizga, yadda kan zomo da kafaɗunsa za su yi. Nailan mai ƙulli ɗaya bai yi gardama ba, nan da nan ya fara tafiya. Da na ninka masa, wato allura ta fara zagaya ƙafa ɗaya sannan ta zagaya biyun, sai ya tsaya. Hem kuwa ruwa na taɓa shi ya kumbura, ƙulli ya cije, ko da farce ba ka motsa shi. Foliyestan ma ya riƙe da ƙulli ɗaya, gashin jikinsa ne ke sarƙewa da juna.

Na kai wa dattijon da nake bi, wanda zan riƙa kira Baba a nan. Ya haura saba'in, a yankin nan aka haife shi. Ya shinshina hem ɗin ya yi murmushi, ya ce irinsa mahaifinsa ke saye, daga Bridport ake kawowa, garin nan na Dorset da ya yi suna a igiya da raga tun zamanin Sarki John a ƙarni na 13. Sannan ya ajiye shi gefe. Ya ce hem na mai lokaci ne: kowace fita sai ka shanya shi ya bushe ƙarau, in ba haka ba ya ruɓe, kuma in ya sha raɓa nauyinsa sai ya karya maka kafaɗa. Ni da ke aikin dare a masana'anta rabin mako, ba na cikin masu lokacin. Foliyesta na zaɓa. Ƙulli ɗaya a ciki, ninki biyu a idon farko da na ƙarshe na kowane layi, inda igiya za ta riƙa gogawa.

Baba yana ganin ninkin ɓata zare ne. Na bar shi da ra'ayinsa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Saƙa tana tafiya, na wuce sulusi. Ɗan yatsana ya yi kanta.

Wurin da ke bukatar natsuwa shi ne inda zaren allura ya ƙare za a haɗa sabo. Ba na haɗawa a tsakiyar ƙafar ido. Nakan bari mahaɗin ya faɗo daidai kan ƙulli, in yi ƙullin masaƙa mai ninki, in bar jela kamar rabin inci kowane gefe, in taɓa bakinta da wutar ashana ta dunƙule. Masu son tsafta sukan aske jelar tas, ta yi kyau a hoto. Jelar nan ita ce abin da ƙulli zai ci in ya ɗan motsa kafin ya zauna, in babu ita sai ya kwance gaba ɗaya. Kowane mahaɗi na ɗaura masa ɗan jan zare don in gane shi a ƙarshen shekara.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, yanzu kafin ƙarfe biyar duhu ya fara. Mun yi yinin a rumfar Baba muna zaɓen turakun kafa raga cikin sandunan itacen hezal da ya sara tun hunturun bara. Tsawon kowanne ƙafa biyu da rabi, kauri kamar babban yatsa, miƙaƙƙe. Ya feƙe bakin, ya ɗan gasa shi a wuta don ya yi tauri. Na ɗauki wuƙa zan kankare ɓawon wani da ya yi kaushi, ya riƙe mini hannu. Ya ce ɓawon nan shi ke riƙe igiya. Turke mai santsi, ɗaurin zai hau sama ya fice da kansa.

Ya ba ni labarin yankin muna aiki. Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, su ne suka yaɗa kiwon zomo a ƙasar, kuma da yake yashin Breckland bai da albarkar noma, sai aka mai da manyan filaye gandun zomaye, ana sayar da nama da fata. Gidan mai gadin gandu da aka gina da dutsen ƙanƙara wajen shekarar 1400 yana nan tsaye kusa da Thetford, bangonsa mai kauri saboda ɓarayin dare. Garin Brandon kuwa a da masana'antun gashin zomo gare shi, ana kai wa masu yin hula. Sai cutar miksomatosis ta ɓulla a Kent a 1953, cikin shekara biyu ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen ƙasar. Sun farfaɗo daga baya, wata cutar mai sa zubar jini a ciki ta sake shigowa a shekarun 1990. Shi ya sa yanzu za ka ga gona ɗaya zomo ya cinye bakin alkama, gona ta gaba ko kashinsa babu.

Takardar izininmu ma yau aka sabunta ta. Dokar 1880 ta ba wanda ke noma fili haƙƙin kashe zomayen cikinsa ko da haya yake yi, ta kuma ce wanda zai yi a madadinsa ya riƙe izini a rubuce. Dokar 1954 ta ma ɗora wa mai fili nauyin rage su a kusan duk Ingila da Wales. Ta 1828 mai hukunta farautar sata da dare har yanzu ba ta mutu ba, ita ce a da take sa a kori mutum ƙetare shekara 7 in an kama shi karo na uku. Baba a mota yake barin tasa takardar. Ni tawa tana cikin leda a aljihun ƙirji. Baƙar fata a gonar Bature ƙarfe ɗayan dare, ga wuƙa a kugu, ba ya jiran a tambaye shi sau biyu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Saƙa ta ƙare ranar Laraba, alhamdu lillahi.

Kafin ta ga gona sai an zaunar da ƙulle-ƙullen. Na jiƙa ta, na ninka, na rataye ta a ƙarfen gareji, na ɗaura jarkar ruwa a ƙasa ta kwana tana ja. A nan akwai abin lura: ta tsawo ake ja, ta fuskar da aka yi saƙa. Ja ta wannan fuska yana ƙara matse ƙullin masaƙa. Ja ta faɗi kuwa buɗe shi yake yi, har ya iya juya shi. Da safe na bi da yatsa, sun yi ƙanana sun yi tauri.

Igiyar sama da ta ƙasa nailan ce saƙaƙƙiya. Ita ma na ɗaure ta tsakanin ginshiƙai biyu na ja ta sosai ta kwana, don ta yi miƙewar da za ta yi tun a gida. A tsarin gargajiya igiyar guda ɗaya ce: ta bi ta idanun sama, ta ratsa zoben ƙarfen da ake cakawa a ƙarshen raga, ta dawo ta idanun ƙasa, ta ratsa zoben ɗaya ƙarfen, bakin biyu su haɗu. Ragar ba a ɗaure take da igiya ba, zamewa take yi a kai, shi ya sa rara ke taruwa inda zomo ya buga. Saboda haka mahaɗin igiyar yana da sharaɗi biyu. Kada ya kwance, kada kuma ya tsaya a hanyar idanu.

Ƙullin nan da kowa ya sani, dama kan hagu, hagu kan dama, ba shi da wuri a nan. Na ɗaure ƙunshi ne. A kan nailan, fizga ɗaya ta gefe sai ya juye ya zare. Na yi ƙullin masunta mai ninki biyu, kowane baki ya naɗe ɗan'uwansa sau biyu, in an ja su haɗu su cije. Ɗaurin kawo wuƙa ne, ba a kwance shi, ba kuma na so a kwance. Na tura shi dab da zobe, na ɗaure shi da siririn zare don kada ya yi tafiya ya shiga tsakiyar raga.

Duk makon nan sama a rufe take, iska ko ganye ba ta kaɗawa. A dare irin wannan zomo yana jin takunka tun daga bakin ƙofar gona. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Wata ya cika shekaranjiya, ba fita. Mun yi atisaye da rana a filin bayan gidan Baba, kuma a nan ne aka zo kan ɗaurin da ya fi ba ni tunani.

Ka caka ƙarfen farko, ka yi tafiya kana sakin raga, ka ja igiya ta yi tsam, ka caka na biyu. Sannan ka dawo kana kafa turaku, kowane yadi 5 ɗaya, wato wajen 11 a raga irin tawa. A kowane turke za ka taka igiyar ƙasa, ka naɗa ta sau ɗaya a gindin turke, ka caka, sannan ka ɗago ta sama ka murɗa ta ta yi ɗan zobe ka jefa a kan turken. Rabin zarge ke nan. Baba yana yinsa da hannu ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Kyawunsa, in an zo tashi, kana zare turke ɗaurin ya ɓace, ba abin kwancewa.

Amma rabin zarge ba shi da ƙarfin kansa. Jan igiya ta hagu da ta dama ne ke riƙe shi. Na gwada: na je tsakiya na ture turke ɗaya ya karkata, igiya ta saki, na ɗan girgiza ta, zoben na kusa da shi ya hau ya fita. Ɗaya ya fita, jan ya ƙara raguwa, na gaba ma ya bi. Cikakken zarge, wato zobe biyu ɗaya kan ɗaya, ba ya haka, ko gefe ɗaya ya saki yana nan riƙe da turkensa. Sai dai yana cin lokaci, kuma cikin duhu da sauƙi ka haɗa da idon raga a cikin ɗaurin, rara ta maƙale a wurin.

Baba ya ce shekara hamsin rabin zarge yake yi. Na ce, "Baba, ai hannunka ne ke riƙewa, ba zargen ba." Ya yi dariya bai musa ba. Gaskiyar ita ce shi yana jin jan igiya a tafinsa, ya san daidai inda zai karkata turke don jan ya dawo. Matsayata dai: cikakken zarge a turken farko da na ƙarshe, da duk inda raga ta yi kwana ko ƙasa ta yi kwari, rabi a sauran. Ko ɗauri ɗaya ya fita, ɓarnar za ta tsaya a iyakar cikakken da ke kusa.

Ya sa na rufe ido da hula na yi ta maimaitawa har la'asar.

Lahadi, 1 ga Disamba

Daren jiya ragar ta fara aiki. Ba wata, ga hadari, iska tana busowa daga gona zuwa fuskarmu, yadda ake so, don ta kwashe motsinmu da warinmu ta kai bayan shinge. Mun kafa ba fitila ba magana. Baba ya zagaya kora, ni na durƙusa a ƙarshen raga yatsuna a kan igiyar sama.

Ba ka ganin komai. A igiya kake jin zuwansu, wani ɗan fizga kamar an taɓa ka, sannan karkarwa. Na farko ya buga can nesa, na biyu kusa da ni har na ji turke ya yi ƙara.

Akwai maganar da muka daidaita tun bara. Su a nan karya wuya suke yi tun zomo yana cikin raga, sannan su warware shi. Ni kuwa rabona sai na yanka. Don haka wanda zan ci nakan riƙe ƙafafunsa na baya, in zare shi da rai, in matsa gefe don jini kada ya taɓa raga, in yi bisimilla da wuƙa mai kaifi. Sauran Baba ya bi su da sauri, domin zomon da aka bari yana jira wahala yake sha, kuma haƙoransa suna yanka zare. Wannan ya sa zaman ƙulli ya fi damuna fiye da shi. Idon da bai zame ba yana riƙe zomo a wuri ɗaya, ka san inda kai yake, ka san inda ƙafa take, cikin ɗan lokaci ka fitar da shi. Idon da ya zame kuwa tsukewa yake yi a wuya ko a cinya, ka yi ta lalube cikin duhu dabba tana kuka.

Da safe na shanya ta na duba. Ido uku zomo ya ci da haƙori. Ƙullin saƙa ko ɗaya bai motsa ba. Rabin zarge ɗaya ya fita a tsakiya, inda biyu suka buga tare, amma igiyar ba ta faɗi ƙasa ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Guguwar Darragh ta hana fita. Iska ana so, amma wadda za ta tattara duk rarar raga ta kai ƙarshe ɗaya, ta cika ta da ganye da ƙirare, ba ta da amfani. Na zauna na ɗinke idanun da aka ci. A gyara duk ƙulli ninki biyu nake yi, domin sabon zare a kan tsoho bai samu jan jarka ba.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Daren Litinin mun kafa a gefen dajin itatuwan fir, inda ƙasa yashi ce zalla. A nan aka ga abin da ban gani ba a filin atisaye.

Mun kafa lafiya, igiya tsam. Kafin Baba ya gama zagayensa, na ji ta yi laushi a hannuna. Abu biyu ne suka haɗu. Nailan yana shan ruwa, in ya jiƙe yakan ɗan ƙara tsawo, ga ciyawa sharkaf da raɓa. Sannan ƙarfen ƙarshe ya fara tahowa cikin yashi a hankali. Da zomaye suka iso, rabin zarge biyu a jere suka fice, igiyar sama ta kwanta, na ji ana tsallakewa ta kai. Cikakken zargen da ke kwanar ne ya tsayar da abin, rabin ragar ya ci gaba da kamu.

A mota Baba ya ce ɗaurin bai yi laifi ba, ƙasa ce. Haka ne. Sai dai ƙasar nan ita ce tamu, ba za mu sauya ta ba. Abin da muka yanke: a yashi za a karkata ƙarfen baya, kansa ya kalli nesa da raga, a taka shi har zobe ya taɓa ƙasa, a kuma soke wani turke a gicciye a gabansa. Igiya kuma zan riƙa jiƙa ta tun a gida, ta yi tsawon da za ta yi kafin a ja ta, ba bayan an kafa ba. Na yi tunanin sauya ta da foliyesta, wadda ba ta shan ruwa sosai. Baba ya ce a'a, kuma na ga hujjarsa: ɗan talewar nan ta nailan ita ke shanye bugun zomo, ita ke mayar da ja bayan turke ya motsa. Igiyar da ba ta talewa, duk ƙarfin bugun a kan turke zai sauka.

Asabar, 11 ga Janairu

Sanyi ya yi tsanani, ƙasa ta daskare, wata kuma ya kusa cika. Sai muka koma aikin rana da feret, 'yar dabbar nan doguwa siririya da ake sakawa cikin rami ta koro zomaye. An kewaye ramukan da raga.

Igiya jiƙaƙƙiya a irin wannan sanyi sandarewa take yi. Zoben da ka murɗa ba ya kwanciya a jikin turke, tsaye yake zama da faɗinsa, ga ɓawon hezal ya yi santsi da ƙanƙara. Dabarar jiƙa igiya ta makon jiya ba ta ranar sanyi ba ce. Da yake rana ce ba gaggawa, cikakken zarge na yi a kowane turke, ina murza igiyar a tafi ta yi laushi kafin in ɗaura.

Wani saurayi daga ƙauyen gaba ya zo da irin ta zamani: sandunan roba masu ƙarfi a manne da igiya ta hanyar zoben roba, rara a ɗaure a kowane tsakani, duka a cikin kwando. Yana tafiya yana cakawa, kafin in kafa turke huɗu ya gama. Ba zarge, ba abin da zai fice. Na yaba, ban ɓoye ba. Amma da muka zo inda shinge ya yi gwiwa ga kwari a ƙasa, sandarsa ta faɗo inda aka ɗaure ta, ba inda ƙasa ke so ba, ƙasan ragar ya ɗage har zomo ya bi ta nan. Ni na ƙara turke ɗaya a cikin kwarin, shi ke nan.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An koma gefen fir da sabon tsari. Ƙarfe bai motsa ba, igiya ba ta saki ba. Na lura Baba ya yi cikakken zarge a kwana, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun tsaya. Matan zomaye sun fara ɗaukar ciki, ga azumi saura mako guda. Na wanke ragar da ruwan sanyi, na tsince ƙaya, na shimfiɗa ta a gareji na bi ta layi-layi da katakon awo a hannu, ina sa shi cikin duk idon da na yi shakka.

A cikin jikin ragar, inda ƙulli ɗaya ne, na sami 'yan ƙalilan da suka matsa, kuma duk a yadin tsakiya suke, inda bugu ya fi yawa. Ba wanda ya buɗe har zomo ya wuce. Na kwance su na sake da ninki. Mahaɗan da na sa wa jan zare duk suna nan, wasu sun ci kusan rabin jelarsu kafin su zauna. Da an aske ta, da waɗannan sun tafi.

Gefen sama lafiya lau. Gefen ƙasa ne ya ba ni aiki: ƙullin ninki bai zame ba ko ɗaya, amma zaren da kansa ya side inda yashi da igiya ke cinsa, wasu idanun saura ƙiris. Ninka ƙulli bai hana wannan ba, zaren ne ya kamata a ninka. A raga ta gaba, idon gefe da zare biyu zan saƙa shi, ko da mai kauri. Wannan kuwa zan bi gefen ƙasa in ƙara masa layi ɗaya kafin Satumba, yadi 100 ne, aikin bayan salla.

Ƙullin masunta na igiya sai da na nemo shi, ya shige cikin kansa ya zama dunƙule. Igiyar ta ɗan goge a inda take ratsa zobe, don haka zan yanke taƙi ɗaya a wurin in sake haɗawa. Turaku biyu sun tsage a kai, uku kuma ɓawonsu ya side daidai inda zarge ke zama. Gobe za mu je saran sababbi tun itacen bai fara toho ba.